Katunan Gasar Haɗa Kalmomi da Hausa

Tun da muka fara shirya wa ɗalibai gasar haɗa kalmomi a Tudun Wada, nan Kaduna, aikin tsara katuna ya faɗo a kaina, kuma da farko na ɗauka kwaikwayon Scrabble zai wadatar. A wannan wasa na Turanci ƙwayoyi 100 ne, harafin E ya fito sau 12, Q da Z kuwa kowanne maki 10 gare shi. 'Yan Najeriya sun ƙware a cikinsa, har Wellington Jighere ya zama zakaran duniya a birnin Perth na Ostareliya a 2015. Sai dai ranar da muka gwada wannan rabo da Hausa, yara suka zauna jugum riƙe da E da V, babu mai iya ajiye kalma.

Laifin nawa ne, domin ban ƙidaya haruffan daga cikin harshen kansa ba. Kalmar "makaranta" kaɗai tana cin A huɗu. Don haka na kwashe dare biyu ina ƙirga haruffa a shafukan jaridar Hausa, sannan na cire P da Q da V da X, na ba A kaso mafi tsoka, I da U da N da K suka biyo baya. Na shigar da Ɓ da Ɗ da Ƙ da 'Y, na kuma sa SH da TS kowanne a kati ɗaya, tunda sauti ɗaya ne a bakin Bahaushe. Ɓ da 'Y na ɗora wa maki mai yawa saboda ƙarancinsu, kuma har yau ina ganin hakan shi ne adalci.

Wurin bugawa ne na sha wahala. Mai maɗaba'ar da na fara kai wa aikin, salon rubutun kwamfutarsa ba shi da haruffa masu lanƙwasa, sai ya mayar mini da Ƙ duka zuwa K, yana cewa ai duk ɗaya ne. Na ce masa, "Alhaji, kafa daban, ƙafa daban, haka kare da ƙare." Dole aka sake bugu, kuma tun daga lokacin ba na biyan kuɗi sai na ga samfuri da idona.

Kowane tebur yana da nasa jerin katuna da launi na daban a baya, domin kada su cakuɗe, kuma alƙali yana ƙirga su kafin zagaye da bayansa, ya zuba a jakar yadi mai kauri. Muna rufe su da leda saboda damina tana sa kwali ya yi laushi. Kati kuwa da zarar kusurwarsa ta lanƙwashe mukan canja shi, don na taɓa ganin yarinya mai kaifin hankali tana gane katin Ɓ da yatsa tun yana cikin jaka.

Idan gardama ta tashi, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, bugun 2006, muke buɗewa. Kaduna ta tara kowa, wani yaro zai ajiye "hwari" ya rantse haka ake faɗa a gidansu, kuma gaskiyarsa ce. Mukan yaba masa, sannan mu nuna masa cewa a teburin gasa "fari" za a ba maki.