Bindigar farko ga mai koyon farauta

Jama'a, mai son fara farautar tsuntsaye a dazukan wajen Kano ya nemi bindiga mai baki ɗaya, wadda ake karyawa a zura harsashi, lamba 12 (ma'aunin faɗin bututunta). Ba ta da wuyar gyara, kuma harsashi guda yana koya wa mutum natsuwa.

Asirin yana cikin harsashin. Zabon daji da fakara, ƙananan ƙwayoyin dalma lamba 5 ko 6 (lambar girman ƙwayar ke nan) sun wadatar, kada nisan ya wuce mita 35. Bayan nan ƙwayoyin sun watse, sai dai ka raunata tsuntsu ya tafi ya mutu a banza. Kurciya kuwa lamba 7.

Gadu mai ɓarnar gona daban ne. Harsashin tsuntsu fusata shi kawai yake yi. Dunƙulen dalma guda ake sa masa, a saita bayan kafaɗa, cikin mita 50.

Matse gindin bindigar a kafaɗa sosai, in ba haka ba ka kwana da kumburi. Leƙa bututun kafin harbi, don laka ko gidan zanzaro na iya fasa shi.

Lasisin 'yan sanda tukuna, malam. Dajin Falgore kuma gandu ne, an hana farauta a ciki.