Ranar da na hau dutsen Monolitos

Talata, tsibirin Rodos, ƙasar Girka

Ƙafafuna har yanzu rawa suke yi, amma gara in rubuta tun abin yana da ɗumi.

Muna idar da sallar asuba Yaya ya ce in nemi takalmi mai kama ƙasa, yau hawan dutse za mu yi. Da hantsi muka bar birnin Rodos, muka bi gaɓar yamma zuwa kudu, tafiyar kimanin kilomita 70. A ƙauyen Siyana muka tsaya muka sayi zuma, don da ita aka san garin. Daga nan ba nisa, sai hanya ta sha kwana, na ga abin da ya kawo mu.

Monolitos da Girkanci na nufin dutse guda, kuma sunan ya bi jiki. Dutse ne tilo, tsaye kamar an kife turmi, ƙolinsa ya fi mita 200 bisa teku, ga ragowar ganuwa ta naɗe masa kai kamar rawani. Babu mai karɓar kuɗin shiga. Matakalar dutse ce siririya, sawun mutane ya goge ta har ta yi santsi, gefe da gefe itatuwa masu ganye kamar allura suna ta ƙamshin ƙaro. Da muka yi nisa iska ta fizgi mayafina.

"Auta, riƙe gyalenki, ki daina leƙen ƙasa," in ji Yaya.

"To Yaya, amma ka rage sauri, numfashina ya ƙare."

A sama babu abu mai yawa. Bango ya zube a wurare, ga wata 'yar majami'a fara fat ta Waliyyi Fantelemon wadda har yau ake kula da ita. Mayaƙan Kirista na ƙungiyar Waliyyi Yohana, waɗanda suka samo asali daga jinyar masu ziyara a Ƙudus, su suka riƙe tsibirin tun wajen 1310, su kuma suka gina wannan wuri wajen 1480. A shekarar ce sarkin Turkawa Sultan Muhammadu na biyu, wanda ya ci Kustantiniyya (Istanbul ta yau) a 1453, ya aiko da runduna ta yi wa birnin Rodos ƙawanya, ta koma ba nasara. Sai a 1522 Sultan Sulaiman ya zo da kansa, ya tsare mayaƙan wata shida, suka miƙa wuya, suka fice ranar 1 ga Janairu 1523. Daga baya suka zauna a Malta. Na dafa bangon ina tunanin don tsoron masu salla irina aka ɗora waɗannan duwatsu, ga ni yau na hau ba wanda ya tambaye ni daga ina.

Amma abin da ya riƙe ni ramin tara ruwa ne. Na durƙusa a bakinsa na leƙa: duhu, sanyi, busassun ganye, wani ƙadangare ya ruga ya ɓuya. A kan dutsen nan ba rijiya, ba ƙorama. Ruwan sama kuma a ƙasar nan da hunturu yake zuwa, rani ƙurmus yake wucewa. Ke nan duk wanda ya gudo nan, abin da ramin ya tara shi ne adadin kwanakinsa. Ganuwar Kano da na sani ta kewaye gonaki da rijiyoyi da kududdufai, ko an tsare ƙofa mutane na iya noma. Nan kuwa ko akuya ba za ta ƙoshi ba.

Na daɗe a wurin. Ina ganin matan ƙauye a zuciyata, an hango jirgi a teku, an kunna wuta a kan tudu don sanar da na gaba, sun saɓa goyo sun kama wannan matakala da ni na hau hannu rabbana ina haki. Wa ke rabon ruwan? Moɗa nawa ake ba mai shayarwa? Kuma tsoron ba ɓangare ɗaya ya sha shi ba, don su ma mayaƙan nan suna tare jiragen Musulmi su kama bayi. Ta kowace gaɓa, masunci da manomi ne ke kwana da ido ɗaya. Sai na ji ƙwalla ta zo mini.

Yaya ya zo ya tsaya a kaina bai ce komai ba, ya miƙo mini gorar ruwa. Rabi ya rage. Na kurɓa sau biyu na rufe.

Saukowa ta fi hawa wuya, a wasu wuraren da zama na sauko. A gindin dutsen muka yi taimama muka yi azahar a inuwa, sannan muka ci burodi da zumar Siyana. Gobe in Allah ya kai mu Yaya ya ce sai ganuwar ƙauyen Kiritiniya, na ce masa sai na ga yadda gwiwoyina suka kwana.