Atisayen tirayatalon: a ɗakin motsa jiki ko a waje?

Tirayatalon wasa uku ne a jere ba hutu: iyo, tseren keke, sannan gudu. Na yi shirin zangon Olamfik ne, wato iyon kilomita 1.5, keke kilomita 40 da gudun kilomita 10, zangon da aka fafata a kansa lokacin da wasan ya fara shiga gasar Olamfik a Sidni a 2000. Duk mai sha'awar shiga sai ya tambaye ni, a ɗakin motsa jiki zai yi atisaye ko a waje? Nakan ce masa ya fara faɗa mini wanne daga cikin ukun yake nufi, domin kowanne da nasa hukunci.

A wajen iyo ne bambancin ya fi girma. Kwamin iyo ruwansa garau yake, ga baƙin layi a ƙasa yana yi maka jagora, ga bango duk bayan mita 25 da za ka doka da ƙafa ka samu ɗan sauƙi. Tafki ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ranar da na fara shiga, ko yatsun hannuna ban iya gani a cikin ruwan ba. Hannun da ya fi ƙarfi yana jan mutum gefe bai sani ba, don haka dole ka koyi ɗaga ido sama kaɗan bayan 'yan bugun hannu, ka hango balan-balan ɗin da aka kafa alama, ka mayar da fuska ba tare da ƙafafunka sun nutse ba. In igiyar ruwa na tahowa daga dama, ka juya dama don shan iska, ruwa za ka sha. A nan na ga amfanin iya numfashi ta ɓangare biyu. Gyaran salon hannu kam a kwami nake yinsa, inda mai horarwa yake ganina daga sama. Amma tafki ba na shigarsa ni kaɗai, sai da wani a kwalekwale ko a bakin ruwa yana lura da ni, kuma wannan sharaɗi ba na sassauta shi ga kowa.

Keken da aka kafe a ɗaki yana da ranarsa. Babu mota, babu rami, kana iya riƙe ƙarfi ɗaya na tsawon mintuna ba abin da zai katse ka. Ka dai ajiye fanka a gabanka, in ba haka ba gumi zai gajiyar da kai tun kafin ƙafa ta gaji. Abin da ba zai koya maka ba shi ne iska. Da zarar ka wuce kilomita 30 a awa, mafi yawan ƙarfinka wajen keta iska yake tafiya, kuma in ka ninka gudu sau biyu, turjiyarta sau huɗu take ƙaruwa. Sunkuyar da jiki, shan kwana, taka birki a gangara, zaro gorar ruwa da hannu ɗaya, canja tiyub idan taya ta yi faci, duk sai a kan titi. Wasan ma a waje aka haife shi, a Mishan Bei ta birnin San Diyego na Amurka a 1974.

Gudu bai da wahalar hukunci. Injin gudu yana wadatarwa idan ka ɗaga gabansa ya yi tudun kashi 1 cikin 100, kamar yadda wani bincike da aka yi a Ingila a 1996 ya nuna, don cike gurbin iskar da babu a ɗaki. Sai dai zafin rana ba a sabawa da shi a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, jiki na buƙatar kwana 10 zuwa 14 a cikinsa.

Inda ɗaki ya burge ni shi ne haɗa keke da gudu. Saukowa daga keke ka fara gudu, ƙafafun kamar na aro suke zama, sun yi nauyi, taku ya gajarce. Keke da injin gudu na kusa da juna, sai in yi minti goma a nan, in koma can, in sake dawowa har cinyoyin suka saba da sauyin.

Yanzu atisaye gajere mai tsanani na tsakiyar mako a ɗaki nake yinsa. Doguwar tafiyar keke da iyon tafki a waje. Idan gasa ta matso, makonnin ƙarshe kusan duka a waje nake yi, a daidai lokacin da za a busa usur ranar gasar, da takalmi da tabaran iyon da zan sa a ranar.