Ƙwayar ciwon gwiwa da ta mayar da Mma asibiti

Duk mai jinyar wanda zuciyarsa ta gaza ya san zancen rage gishiri, ba sai na tsaya a kansa ba. Tun da aka yi wa Mma hoton zuciya a asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, likita ya ce hawan jinin shekara da shekaru ya gajiyar da ita, ba ta iya harba jini yadda ya kamata, muka sallami koobi da momoni (kifayen da ake adanawa da gishiri) da Maggi daga tukunyarta. Kanwa ma ta bi su. Furosemide mai fitar da ruwa daga jiki da safe, lisinopril na hawan jini da zuciya da sauran a kan lokaci. Kumburin ƙafa ya sace, ta koma barci da matashi ɗaya, har muka fara sakin jiki.

Diclofenac ne ya kayar da mu.

Gwiwa ta matsa mata, sujada na ba ta wuya. Wata maƙwabciyarmu a nan Aboabo ta shigo gaisuwa, ta ce ai ga abin da take sha, ta aiki yaro shagon magani. Mai shagon bai tambayi wa zai sha ba, balle me ke damunsa. Ya karɓi kuɗi ya miƙa. Mma ta ƙulle abinta a bakin zane, tana haɗiya safe da yamma, ba wanda ya sani.

Sai silifa ta daina shiga ƙafarta. Tari ya dawo da dare, in ta kwanta numfashi ya tsaya mata a wuya, sai dai ta kwana a zaune. Ƙanwata mai girki ta sha faɗa a banza, duk mun ɗauka gishiri take sakawa a ɓoye don tausayi. Ranar da muka kwashe ta cikin dare, wata nas ce ta ce a kawo duk abin da take sha, har wanda ba su suka rubuta ba. A nan aka kwance bakin zane.

"Mma, me ya hana ki gaya mini?"

"Wannan ai na gwiwa ne, ina ruwansa da zuciya?"

Ruwansa ke nan: diclofenac da ibuprofen da danginsu suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, su rage ƙarfin furosemide, ruwan ya taru a ƙafa da huhu. In kuma suka haɗu da irin su lisinopril, ita kanta ƙodar na iya taɓuwa. Wato wahalar da muka sha ta cin miya lami don kada ta ji ita kaɗai aka ware, ƙwayar 'yan sidi ta rushe ta. Abin da ke ci mini rai har yau, tambaya ɗaya da mai shagon nan zai yi ta isa.

Yanzu in gwiwa ta motsa, farasitamol ne, shi ma da sanin likita. Kowane kwali sai na juya shi na karanta ƙananan rubutun, domin diclofenac na zuwa da sunaye iri-iri, wani ma a haɗe da farasitamol ɗin. Na kuma sayi sikeli. Kullum da safe, bayan ta kewaya, kafin koko, ta hau in rubuta. Ƙarin sama da kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne, ba ƙiba ba, asibiti za mu. Da muna da shi tun farko, da ya tona asirin ƙwayar nan kafin numfashi ya sarƙe.

Masu zuwa dubiya kuwa, na daina jin kunyarsu. Duk mai magani a jaka, na kemis ko na gargajiya, sai ya fara bi ta hannuna. Maƙwabciyar nan har yanzu ciki-ciki take amsa gaisuwata.