Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Littafin Ƙungiya

A makon jiya na tsaya inda Baba ya sayar da gidanmu na unguwar Ali Kazaure a Jos muka koma Rikkos, bayan shekarun da ya yi yana faɗi-tashi tun da gobarar Kasuwar Terminus ta 2002 ta cinye masa shago. Gidan da muka samu a gangare yake, dab da rafi, don nan ne kuɗinmu ya kai. Ba mu kaɗai ba ne. Bayan rikicin 2008 da na 2010 jama'a da yawa sun baro unguwannin da aka haife su, kowa ya nufi inda nasa suka fi yawa, har Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo suka cika maƙil, ana ta gini a bakin ruwa.

Kawuna ne ya kai ni ƙungiyar unguwa. Shi ne ma'aji. Wata Lahadi bayan La'asar ya same ni a shagon ɗinki ina kan keke, ya ce, "Tashi mu je, sakatarenmu ya koma Bauci. Kai da ka gama sakandare rubutu ba zai gagare ka ba." Na ce, "Kawu, ina da ɗinkin mutane." Ya ce, "Su ma can mutane ne." Na rufe shago na bi shi.

Duk wanda ya tashi a Jos ya san aikin sa kai tun yana yaro. A garin nan aka kafa Izala a 1978 ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, kuma mun girma muna kallon 'yan agajinta, da na Jama'atu Nasril Islam, da na Fityanul Islam, cikin kaki suna fareti, suna gyara sahu ranar Idi, suna ɗaukar wanda ya faɗi. Tamu ƙungiyar ba ta da kaki ko ofis. Dukiyarta baro biyu ce, da shebur shida, da makara ɗaya, da wani littafi mai baƙin bango. Kuɗin wata naira 100, wanda ya makara taro ya biya tarar naira 50. Da wannan ake yashe kwata kafin damina, a sayi likkafani ga mamacin da danginsa ba su da hali, a sa wa masu sintirin dare batir a tocila. Akwai direba a cikinmu, da mahauci, da malamin firamare, da masu tallar dankali a Farin Gada. Mata kuwa nasu taron daban ne, da adashinsu, kuma gaskiya sun fi mu cika alkawarin biyan kuɗi.

Aikin farko da shugaba ya ɗora mini shi ne in bi gida-gida in rubuta kowa: maigida, matansa, 'ya'ya, 'yan haya, har almajirin da ke kwana a zaure. Dalilinsa shi ne duk lokacin da aka kawo gidan sauro ko kayan azumi sai an yi rigima, wani ya karɓi biyu wani bai samu ba. Na sha wuya a aikin nan. Wasu suka ce 'yan siyasa ne suka turo mu. Wani ya rufe mini ƙofa. Wadda ba na mantawa ita ce wata tsohuwa da ke riƙon jikokinta a gidan ƙarshe kafin rafi. Da na tambaye ta su nawa ne, sai ta ɗaure fuska ta ce, "Ɗan nan, ba a ƙirga 'ya'ya." Na durƙusa na ce, "To Inna, ba zan ƙirga ba, ki faɗa mini sunayensu kawai." Ta yi shiru, sannan ta fara jero su tun daga babba, tana nuna kowa da haɓa. Na rubuta sunaye, gurbin adadi na bar shi fari. Ta ba ni gwate a kwanon sha, na shanye a tsugune a ƙofar ɗakinta.

Wata uku ina wannan yawo. A raina ina ganin ɓata lokaci ne, ga ɗinki yana jira.

Ranar Lahadi 22 ga Yuli 2012, azumi bai fi kwana uku da kamawa ba, aka kece da ruwa da dare. Ruwan Jos ba baƙonmu ba ne, shi ya sa babu wanda ya damu da farko. Sai muka ji wata irin ƙara daga wajen rafi, kamar tirela tana sauke duwatsu. Kafin in kai ƙofa ruwa ya kai mini gwiwa a tsakar gida. Na goya Baba, ƙanina ya riƙo Umma, muka hau tudu. Daga baya ne muka ji cewa madatsar ruwa ta Lamingo ce ta tumbatsa ta haɗu da ruwan saman.

A tudun na tarar da Kawu, jiƙe sharkaf, yana kiran 'yan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya yi taro, babu wanda ya ba da umarni. Wanda muka saba yashe kwata tare da shi na san ƙarfinsa, na san ba zai saki igiya ba. Muka ɗaura ta a jikin turken lantarki muka riƙa miƙo mutane hannu da hannu. Ginin ƙasa yana narkewa a gabanmu, kwanon rufi yana wucewa a kan ruwa. Sanyin daren nan har yau ina jin sa a ƙashina.

Da gari ya waye 'yan agaji suka iso, da 'yan Red Cross, daga baya jami'an NEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa. Tambayarsu ɗaya ce: su wa aka rasa? Kowa yana kuka, kowa yana faɗin nasa, babu mai iya cewa ga adadi. Sai shugaba ya juyo ya ce, "Sakatare, ina littafi?" Allah ya sa a shago na bar shi, can saman titi, cikin aljihun keken ɗinki. Na ruga na ɗauko.

A ƙofar masallaci na tsaya ina kira gida-gida. In na kira suna, sai a amsa, ko wani ya ce, "Yana nan, na gan shi," ko a ce an kai shi asibiti. In aka yi shiru sai in sa alama da biro. Ta haka aka gano cewa almajirai biyu da ke kwana a wani zaure ba a gan su ba, alhali ba wanda ya tuna da su, aka bazama nema, aka same su da rai a kan rufin wani kango. Ta haka kuma masu bin rafi suka san wa suke nema. A garin gaba ɗaya sama da mutum 30 ne suka rasu, da yawansu yara.

Da na zo shafin gidan ƙarshe murya ta ƙi fita. Inna tana zaune a ƙasa, an lulluɓa mata bargon wani. Na fara kira tun daga babba, kamar yadda ta jero mini. Na farko ya amsa, ta biyu ta amsa, na uku ya amsa. Na kira autar. Na sake kira. Inna ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ƙara kira, ɗan nan, barcinta nauyi ne da shi."

Sai washegari aka same ta, can ƙasa da unguwa. Wani matashi ɗan Red Cross, Kirista ne, shi ya riƙe gaban makararmu ni na riƙe baya har muka fito titi. Likkafanin daga asusun ƙungiya aka saya, ni na yanka shi a kan teburin shagona.

Makon gobe, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin zamanmu a ajin makarantar firamare, da rigimar da rabon kayan agaji ta jawo tsakanina da Kawu.