Sana'ar Jagorantar Ayarin Kekuna a Kwarin Loire

Ƙaramin kamfaninmu yana birnin Tours, a tsakiyar kwarin kogin Loire na ƙasar Faransa, kuma aikinsa shi ne shirya wa mutane hutun mako guda a kan keke, su ratsa gonakin inabi da tsofaffin garuruwa a ayari, mu kuwa mu ɗauki nauyin kekuna da masauki da abinci da jigilar kaya. Ni mutumin Maraɗi ne, karatu ya kawo ni ƙasar nan, na koyi gyaran keke don neman na kashewa, daga bisani gyaran ya haifar da wannan sana'a.

Abin da ya sa wannan yanki ya dace da aikin shi ne hanyar kekuna da ake kira Loire à Vélo, wadda tsawonta ya kai kimanin kilomita 900, daga Cuffy kusa da Nevers har zuwa Saint-Brevin-les-Pins a bakin Tekun Atlantika. Galibinta shimfiɗaɗɗiya ce, wasu sassanta ma a kan jingar da aka yi tun zamanin da don tare ambaliya suke, saboda haka dattijo da yaro duk suna iya bin ta. A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sanya ɓangaren kwarin da ke tsakanin Sully-sur-Loire da Chalonnes cikin wuraren tarihi na duniya. Mu dai daga Blois muke tashi mu ƙare a Saumur, wato muna bin ruwa, ko da yake iska ta fi tasowa daga yamma, kuma ranar da ta yi ƙarfi kowa sai ya ji a cinyoyinsa.

Mai son shiga wannan sana'a yakan ɗauka cewa kekuna masu kyau su ne jarin, amma a ganina jarin gaskiya shi ne iya riƙe mutane a tafiya ɗaya. A kowane ayari akwai wanda ya saba tuƙi, yana ganin kilomita 40 a rana wasa ne, akwai kuma wadda rabonta da keke tun tana 'yar makaranta, kuma dukansu kuɗi ɗaya suka biya. Tsarinmu irin na fataken da ne, jagaba a gaba yana duba hanya, madugu kuwa alhakin kowa a wuyansa yake. Ni a baya nake tsayawa, tare da wanda ya fi kowa gajiya, da tib da famfo da kayan faci a jakata. Daga can nake gane wanda sirdinsa ya yi ƙasa, gwiwarsa na tasowa sama fiye da kima, da wanda ya daina magana alhali da safe shi ne mai yawan hira, domin wannan shirun alama ce ta ƙishirwa ko yunwa, kuma babba ba ya son ya ce ya gaza a gaban baƙi. Sai in tsayar da ayari da sunan a kalli kogi ko a ɗauki hoto, a sha ruwa, a ɗaga sirdin da yatsa biyu, a ci gaba ba tare da an kunyata kowa ba. Masu sauri kuwa nakan ba su ƙarin zagaye da rana, mu haɗu a masauki.

Keke mai batir ya sauƙaƙa wannan matsala ƙwarai. A dokar Turai injinsa yana daina taimako da zarar gudu ya kai kilomita 25 a awa, don haka ba babur ba ne, sai mutum ya taka feda. Amma yana da nauyi, kuma kowane dare sai an bi batiran ɗaya bayan ɗaya an sa su caji.

Sauran aikin baƙo ba ya ganinsa. Kafin ƙarfe tara na safe direbanmu ya kwashe akwatuna zuwa masaukin gaba, ni kuma na duba birki da sarƙa da iskar taya. Gidajen abinci na ƙauyuka sukan rufe kicin wajen ƙarfe biyu na rana, shaguna da yawa ba sa buɗewa ranar Litinin, saboda haka lissafin tafiyar yini yana rataye ne a kan inda za a ci abincin rana. Ta fuskar doka kuma, duk mai sayar da tafiya haɗe da masauki dole ya yi rajista da hukumar Atout France, ya nuna inshora da lamunin kuɗin abokan ciniki, kuma wannan ne ya fi ci wa ƙaramin kamfani kuɗi a farkon lamari.

Game da tsofaffin gidajen sarautar da ake ziyarta a kwarin, ƙa'idata ita ce gida ɗaya a rana, domin wanda ya shiga uku a wuni ba zai tuna ko ɗaya ba. Chambord, wanda Sarki François na Ɗaya ya fara ginawa a 1519, yana da matattakala biyu da suka naɗe juna, mai hawa ta ɗaya ba ya haɗuwa da mai sauka ta ɗayar. A shekarar ta 1519 ce kuma shahararren mai zane ɗan Italiya Leonardo da Vinci ya rasu a Amboise. Amma wurin da baƙinmu Musulmi suka fi daɗewa shi ne Fontevraud, tsohon gidan ibada na Kirista, inda aka binne Sarkin Ingila Richard mai laƙabin Zuciyar Zaki, wanda ya gwabza da Salahuddin Ayyubi a yaƙin 'yan Salibiyya na uku.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce yadda Musulmi yake aiki a yankin da ya shahara da giyar inabi. Matsayina a fili yake tun kafin mutum ya biya ko sisi: ba na sha, ba na sayarwa, kuma babu ita a cikin farashinmu. Na rasa abokan ciniki saboda haka, kuma na yarda da rashin. Ga wanda ba Musulmi ba, abin da ya yi da yamma bayan an kulle kekuna ruwansa ne, amma da rana ba na yarda, kuma dokar tuƙi cikin maye ta shafi mai keke kamar yadda ta shafi mai mota. Duk da haka ba ma kauce wa gonakin, domin noma ne, kuma ɗan manomi ba ya rasa abin tambaya a gona. Manoman Vouvray da Chinon suna nuna mana yadda ake datse reshe da hunturu, da yadda suke kwana a gona a watan Afrilu suna kunna manyan kyandirori tsakanin kunyoyi don kada sanyi mai daskarewa ya ƙone sabon toho, kamar yadda ya yi mummunar ɓarna a 2021. Suna shigar da mu kogunan da aka haƙa cikin farin dutsen da aka gina gidajen sarautar da shi, inda sanyi ba ya canzawa rani da damina, wasu ma a wajen Saumur naman kaza ake nomawa a ciki. Da yawansu suna matse ruwan inabi zalla wanda bai tsimu ba, shi muke saye.

Abinci ya fi wannan buƙatar sa ido, domin daddaƙen naman da Tours ta shahara da shi na alade ne, kuma miyar kifi sau da yawa da giya ake haɗa ta. Nakan kira kowane mai dafa abinci tun da wuri mu daidaita a kan kifin kogi da kayan lambu da cukun akuya na Sainte-Maure, mai tsinke a tsakiyarsa. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, don haka lokutan salla ma suna cikin jadawalin da nake rabawa.

Kakar aiki daga Mayu take zuwa farkon Oktoba, kuma Satumba, lokacin girbin inabi, ita ce ke fara cika. Daga Nuwamba sai mu wargaza kekunan mu sauya abin da ya ci, mu sake bin hanyar da kanmu don ganin inda ruwa ya ɓata, sannan mu kama ɗakunan baɗi, domin ƙananan masaukai na bakin kogi tun da hunturu ake gama rabonsu.