Ƙwan da na dafa a kaina ana gobe kamu

Wata biyu ke nan, amma har yau in aka fasa ƙwai kusa da ni sai zuciyata ta tashi.

Tsakiyar Disamba ne, hunturu ya kankama a Gombe, hazo ya rufe gari, leɓe na tsagewa, ƙafa na faso. Na tsefe kaina ana gobe kamun ƙanwar maigida, gashi ya tashi kamar soson wanka, duk inda na sa kum sai ki ji ƙaras-ƙaras. Ba mamaki: iskar nan daga hamada take tasowa, ba ta barin laima a jikin komai, gashinmu kuma da yake a nannaɗe yake, maiƙon fatar kai ba ya gangarawa har bakinsa. Na ce bari in yi sitimin a gida in huta da layin shagon gyaran gashi.

Haɗin da na saba ba shi da laifi: man kaɗanya cokali 2 da na sayo a Tsohuwar Kasuwa, man kwakwa cokali 1, zuma cokali 1. Abin da ya ja mini shi ne ƙwai 2 da na ƙara, don maƙwabciyata ta ce yana hana karyewar gashi. Na kaɗa, na shafe kai tsaga-tsaga, na ɗaura leda. Sai na yi abin da nake yi kullum don mai ya ratsa: na tsoma tawul a ruwan da ya tafasa, na matse, na naɗe kan ledar. Ya huce na sake. Sau 3. Da na zo wankewa kuma, wa zai taɓa ruwan famfo da sassafe a wannan sanyi? Na sirka ruwa da zafinsa sosai na sheƙa.

Ko kusa ban kawo a raina cewa ƙwai ƙwai ne ba, a kasko yake ko a ka. Ba sai ruwa ya tafasa yake kamawa ba, tun daga wajen digiri 60 farinsa ke fara daskarewa. Ina duba madubi na ga fararen gutsattsari sun manne a kowane sili, tun daga goshi har ƙeya. Na sa shamfu, suna nan. Na ƙara, gashin ya ƙara cukurkuɗewa. Nan ne na tafka ta biyu: haushi ya sa na dinga jan kum da ƙarfi. Gashin da na tara a ƙasa ya cika tafin hannuna, kuma mafi yawa daga gaban goshi ne, wurin da na shekara ina lallaɓawa.

Goggo, uwar maigida, ta leƙo ta tsaya tana kallona. "Ke 'yar nan, wainar ƙwai kika soya mana a ka?" Na ce, "Goggo ki taimake ni, gobe kamu." Ta sa aka jiƙa garin karkashi a ruwan ɗumi, ya yi yauƙi aka tace, ta zaunar da ni a tabarma tana zubawa tana warware gashin da yatsu daga baki zuwa tushe. Ta hana a kawo kum kusa. Daga hantsi muka kai azahar. Karkashin miya dai da nake rainawa, shi ya zare ƙwan nan da santsinsa.

Makitsiya ta taɓa kan ta ce ƙananan kitso ba za su yiwu ba, gaban ya yi rauni, sai ta yi mini manya guda 8. Ƙarni kuwa, na yi turaren wuta, na shafa humra, amma duk wadda ta rungume ni a wurin kamu sai in ga kamar ta ɗan ja baya. Wataƙila zargina ne kawai. Ɗankwalina dai bai motsa ba har aka tashi.

Yanzu ƙwai da zafi ba sa haɗuwa a kaina. In da tawul mai zafi, to babu ƙwai. Mai son ƙwai ta daure ta wanke da ruwan sanyi, ni kam na yafe. Wani abin da Goggo ta nuna mini: mai ba ya jiƙa gashi, riƙe laimar da ya tarar yake yi. Da a busasshen kai nake lafta man kaɗanya, in yi ta mamakin ƙura na mannewa gashi na nan ƙeƙashe. Yanzu sai na wanke, gashi da danshinsa, sannan in shafa haɗin, leda minti 30, in ɗauraye da ruwa mai ɗumi kaɗan, ruwan karkashi a ƙarshe. Duk sati 2 nake yi, da rana kuma, ba da asuba ba. Ɗankwalin atamfa ma na daina kwana da shi, auduga shanye mai take yi, sai ɗankwali mai santsi.

Gaban goshin ya fara tsirowa, ɗan ƙwarya-ƙwarya. Maƙwabciyar tawa kuwa da na ba ta labari sai ta tuntsire da dariya, wai ai ta zaci na san da ruwan sanyi ake wankewa. Ranar da take zayyana mini amfanin ƙwai, wannan ɗin ne kaɗai bai fito daga bakinta ba.